Gudun tare, gudun saɓani ko gicciye: wanne ya dace da na'urarka ta musayar zafi?

Wanda ya taɓa tsoma kofin shayi cikin kwanon ruwan sanyi don ya huce da wuri ya san inda abin ke tsayawa. Da farko shayin yakan huce da sauri, ruwan kwanon kuma ya ɗau ɗumi. Can sai tafiyar ta ja baya, shayin ya tsaya tsaka-tsaki, ruwan ma haka. Ko kwana za ka yi kana jira, ruwan kwanon ba zai fi shayin zafi ba. Riƙe wannan kofin a ranka, domin shi ne iyakar ɗaya daga cikin tsare-tsaren da za mu gwada, kuma mutane da yawa sun kashe kuɗi suna ƙara girman na'ura don su tsallake iyakar da ba ta tsallakuwa.

Na'urar musayar zafi ba wani abin mamaki ba ce. Ruwa biyu ne, ko ruwa da iska, ko mai da ruwa, ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, da bangon ƙarfe a tsakaninsu. Ba sa gauraya, zafi kaɗai ke ratsa bangon. Lagireton mota irinta ne, haka bayan firji da na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne alƙiblar da kowane ruwa ke fuskanta. Ko dai su shiga ta gefe ɗaya su jera har ƙarshe, wannan shi zan kira gudun tare. Ko kowanne ya shigo ta nasa ƙarshen su wuce juna kamar matafiya biyu da suka yi saɓani a hanya, shi ne gudun saɓani. Ko kuma ɗaya ya ratsa ɗaya ta gefe kamar mai tsallaka titi, shi ne gicciye. Ƙarfe ɗaya, faɗi ɗaya, famfo ɗaya, amma zafin da ruwan zai fita da shi ya sha bamban.

Bari mu ɗauki aikin da bambancin ya fi fitowa fili a cikinsa, wato dafa madara don kashe ƙwayoyin cuta. Hanyar da manyan masana'antu ke bi ita ce a kai madara digiri 72 a ma'aunin Salshiyas, a riƙe ta a nan daƙiƙa 15, sannan a sanyaya ta maza-maza. Tsohuwar hanya kuwa digiri 63 ce na tsawon minti 30 a cikin tukunya. Abin da ya sa hanyar gaggawar ta samu karɓuwa shi ne na'urar farantai, wadda Richard Seligman ya fito da ita kasuwa a Ingila a 1923: siraran farantan ƙarfe a jere, madarar zafi tana bi ta wannan tsagi, ta sanyi tana bi ta na kusa da shi. Dabarar ita ce madarar da ta gama dahuwa tana buƙatar sanyi, wadda ke shigowa kuma tana buƙatar zafi, to me zai hana su yi musaya?

A ce ɗanyar madara tana shigowa da digiri 12, dafaffiya kuma tana dawowa da 72, kuma yawansu ɗaya ne tunda madarar ɗaya ce ke zagayowa. Tazarar da ke tsakani digiri 60 ke nan.

A gudun tare, 72 da 12 suna haɗuwa tun a bakin ƙofa. Zafi na kwarara da ƙarfi a farantan farko, amma kowane taku sai tazarar ta ragu, har su iso ƙarshe dukansu suna dab da 42. Nan aka tsaya. Ka ninka farantan sau goma, 42 ɗin dai za ka samu, domin an koma labarin kofin shayi. Idan yawan ruwan biyu ya zo ɗaya, gudun tare ba ya iya ƙwato fiye da rabin zafin, komai girman na'urar.

A gudun saɓani lissafin ya sauya. Ɗanyar madara tana shigowa ta inda dafaffiyar ke fita bayan ta riga ta huce, don haka akwai 'yar tazara. Tana ƙara ɗumi tana tarar da madarar da ta fi ta zafi, har ta iso ɗaya ƙarshen inda mai digiri 72 ke shigowa. Ko'ina ta je akwai wanda ya fi ta, saboda haka ba ta daina karɓa. A na'ura mai matsakaicin girma za ta iya fita da 57, dafaffiyar kuma ta sauka zuwa 27, tazarar digiri 15 tana nan daram daga farko har ƙarshe. Ka lura da abin da ya faru: wadda ta shigo da sanyi ta fita ta fi wadda ta shigo da zafi zafi. Wannan ƙetarewar ita ce gudun tare ba zai taɓa yi ba, kuma ita ce tambayar farko da ya kamata mai zaɓe ya yi wa kansa: shin aikina yana buƙatar zafin fitar ruwan biyu su ƙetare juna?

Injiniyoyi suna da lamba guda da suke auna ƙarfin na'ura da ita. Sukan ɗauki faɗin bangon, su ninka da saurin yadda zafi ke ratsa shi, su raba da nauyin zafin da ruwan ke ɗauka a gudunsa. Misalin da na bayar yanzu na'ura ce mai lamba 3. A gudun saɓani da ruwa biyu masu yawa ɗaya, abin da ake ƙwatowa shi ne lambar a raba da lambar da aka ƙara wa ɗaya. Lamba 1 tana ba da rabi, 3 tana ba da kashi 75 cikin ɗari, 9 tana ba da 90, 19 tana ba da 95. Akwai darasi biyu a ciki. Saɓani ba shi da rufi, amma hawansa na ƙara tsada: sai ka ninka farantai sau uku kafin ka tashi daga 75 zuwa 90, kuma kowane ƙarin hanya nauyi ne a kan famfo. Da lamba 9, ɗanyar madararmu za ta fita da 66, dafaffiya ta sauka 18. Saura digiri 6 kacal tukunyar tururi za ta cika don madarar ta kai 72.

Ga yadda abin yake a aljihu. Lita 1000 na madara tana da nauyin kilo 1030 ko kusa da haka, kuma ɗaga ta daga 12 zuwa 72 yana cin makamashi kusan kilowat-awa 67, abin da ya kai ƙarfin da ke cikin lita 7 na man dizal tun kafin a sa asarar tukunya a lissafi. Gudun tare zai rage maka rabi. Saɓani mai lamba 3 zai bar maka kashi ɗaya cikin huɗu, mai lamba 9 kuma kashi ɗaya cikin goma. Sannan akwai ɓangaren da aka fi mantawa da shi, wato sanyayawa. Madarar sha sai an kai ta wajen digiri 4. Injin sanyin da zai karɓe ta daga 42 yana da aikin digiri 38 a gabansa, wanda zai karɓa daga 18 kuwa 14 ne kawai. Wanda ke tafiyar da injin sanyi da janareta ya san wanne zai so.

Masu yin yogot za su ce ai su ba sa buƙatar sanyi sosai, tunda a wajen digiri 43 ake zuba ƙwayar tsami. Gaskiya ne, amma madarar yogot ana kai ta wajen 90. Tsakiyar 90 da 12 ita ce 51, don haka gudun tare zai tsaya a 51, bai iso 43 ba. Ko a nan sai saɓani, ko a ƙara wani sashe na ruwan sanyi.

To idan haka ne, me ya sa ba a binne gudun tare ba tun tuni?

Da farko akwai ayyukan da alƙibla ba ta da wani tasiri a cikinsu ko kaɗan. Idan ɗaya gefen tururi ne da ke komawa ruwa, ko ruwa ne da ke tafasa, zafinsa ba ya sauyawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tururin da ke komawa ruwa a digiri 110 yana nan a 110 a mashiga da mafita. Ko ta dama ka shigo ko ta hagu, bango ɗaya za ka tarar. A irin wannan, mai sayarwa da ya dage yana yabon na'urarsa da cewa ta saɓani ce bai faɗa maka komai ba. Haka abin yake, ko kusa da haka, idan ruwa ɗaya ya ninka ɗaya yawa nesa ba kusa ba, misali ɗan mai kaɗan da ake sanyayawa da ruwa mai yawa wanda zafinsa ba ya tashi sai da digiri biyu ko uku. Kuma idan na'urar ƙarama ce, abin da ake nema ɗan rage zafi ne kawai, bambancin ba ya taka kara ya karya. A lamba 0.5 saɓani na ba da kashi 33, gudun tare 32 saura kaɗan. A lamba 1 ma 50 ne da 43. Sai an fara neman matse zafi sosai ratar ke buɗewa.

Na biyu kuma, akwai inda iyakar gudun tare ita ce alfanunsa. A saɓani, ruwan da ya riga ya yi zafi sosai shi ke haɗuwa da mafi zafin ɗaya gefen, don haka bangon wannan ƙarshen yakan kai ƙololuwa. A manyan tukwanen tururi na tashoshin lantarki, inda ake ƙara wa tururi zafi da hayaƙin wuta, wannan na iya cinye bututu, shi ya sa akan shirya wani sashe na bututun da gudun tare, domin hayaƙi mafi zafi ya tarar da tururi mafi sauƙin zafi, ƙarfen ya samu sa'ida. Irin wannan tunanin ne a hasumiyar busar da madarar gari. Iska mai zafin da ya kai wajen digiri 180 zuwa 200 tana shiga ta sama tare da feshin madara, a lokacin da ɗigon ke jiƙe sharkaf, ƙafewar ruwan na kare shi daga ƙonewa. Kafin ya bushe, iskar ta riga ta huce. Da za a juya alƙiblar, busasshen gari ne zai yi karo da iska mafi zafi. Haka kuma man da ke da kauri irin wanda ba ya gudu sai ya ji ɗumi yana amfana da zafin farko mai ƙarfi da gudun tare ke bayarwa, ya saki jiki tun a bakin ƙofa. Idan kuwa sanyayawa ake yi da ruwa mai tsananin sanyi, gudun tare na rage haɗarin abin ya daskare a kan bango a mafita, tunda ruwan sanyin ya riga ya ɗau ɗumi kafin ya iso can. Sai dai a sani, babbar tazarar da ke mashiga tana wahalar da ƙarfe da walda, domin gefe ɗaya na miƙewa ɗaya na tsukewa.

Ga wani misali da ba na madara ba, don a ga tasirin a kan girman abin da za a saya. Man inji ne ake so a sauko da shi daga 100 zuwa 60, da ruwan tanki mai digiri 30 wanda zai fita da 50. A saɓani tazarar ƙarshen biyu 50 ce da 30, matsakaicinta na lissafin logarizim (lissafin injiniyoyi ne da ke karkata wajen ƙaramar tazarar) kuma kusan 39. A gudun tare tazarar 70 ce a mashiga da 10 a mafita, matsakaicinta kusan 31. Ma'ana gudun tare na buƙatar ƙarin faɗin ƙarfe da kashi 27 cikin ɗari don ya yi aiki ɗaya. Idan ruwa ya yi ƙaranci har aka bar shi ya fita da 55, ƙarin zai kai rabi. Idan aka ce ya fita da 65, don a yi wanki da shi misali, gudun tare ya fita daga gasar baki ɗaya, domin 65 ta haura 60. A garin da ake sayen ruwa a tankar mota, wannan ba ƙaramin batu ba ne: saɓani yana ba ka damar ɗora wa ruwa kaɗan zafi mai yawa.

Gicciye nasa dalilin daban ne, kuma yawanci iska ce ke jawo shi. Iska ba ta ɗaukar zafi kamar ruwa, ana buƙatar ta da yawa, kuma fanka ba ta da ƙarfin tura ta cikin doguwar hanya matsattsa. Don haka akan yi mata fuska mai faɗi da hanya gajera: ruwa na bi ta cikin bututu, iska na ratsa siraran ƙarafan da ke manne da su daga gaba zuwa baya. Lagireton mota da na janareta ke nan. Wajen ƙwato zafi yana tsakanin sauran biyun. A lamba 3 da nauyin zafi ɗaya a gefe biyu, gicciyen da ruwansa ba sa gauraya a cikin hanyoyinsu yana ba da kusan kashi 68, wato da a madararmu ne za ta fita da kusan 53, ƙasa da 57 na saɓani, sama da 42 na gudun tare. Amma a mota ba wanda ke neman ƙwato zafi, zubar da shi ake son yi, kuma ruwan lagireto digiri kaɗan yake sauka kafin ya koma inji. Abin da ke damun lagireto a Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu ba alƙibla ba ce. Iskar da ke shigowa ce ta haura digiri 40, tazarar da ke tsakaninta da ruwan inji ta ragu, ga kuma ƙurar da ta toshe ƙarafan. Duk bakaniken da ya wanke lagireto ya ga allurar zafi ta sauka ya san haka. Inda ake son gicciye ya matso kusa da saɓani, kamar a na'urorin sanyaya manyan gine-gine, akan jera layukan bututu da yawa, ruwan ya shiga ta layin da iska ke fita, ya yi ta kai da komo yana matsowa layin da iska ke shigowa. Kowane layi gicciye ne, amma jimillar tafiyar saɓani ce.

Akwai na huɗu da ke yaudarar mutane, kuma shi ya fi yawa a matatun mai da masana'antun sinadarai: ganga mai tarin bututu a ciki. Idan bututun sun miƙe sau ɗaya, ruwan ganga kuma yana tahowa ta ɗaya ƙarshen, to kusan saɓani ne. Amma sau da yawa bututun lanƙwasassu ne, su je su dawo, domin hakan na ba ƙarfe damar miƙewa idan ya ji zafi, kuma yana ƙara saurin ruwa a ciki. To a zuwa gudun tare ne, a dawowa saɓani, ko akasin haka. Sakamakonsa rabi-da-rabi ne: da nauyin zafi ɗaya a gefe biyu, ganga ɗaya mai bututu masu zuwa da dawowa ba ta wuce kusan kashi 59, komai girmanta. A lamba 3 tana ba da 58, wato madararmu da kusan 47. Mai yogot ɗin ɗazu da ke son sauka daga 90 zuwa 43 yana buƙatar kashi 60, ka ga ko a nan saura kaɗan amma bai kai ba. Idan aka matsa wa irin wannan ganga sai zafin fita sun ƙetare juna sosai, wani sashe na bututun yakan koma yana mayar da zafin baya. Maganin da aka saba shi ne a jera ganga biyu ko uku a bi da bi. Masu zane suna da lambar gyara da ke nuna yadda tsari ya gaza saɓani tsantsa, kuma al'adarsu ita ce kada ta faɗi ƙasa da 0.75 zuwa 0.8. Idan za ka sayi ganga, tambayi wannan lambar.

Ni dai a ganina, ga mai sarrafa ruwa da ruwa a ƙaramar masana'anta, madara ce ko lemo ko ruwan zafin wanki, na'urar farantai mai gudun saɓani ita ce wurin farawa, sai an samu dalili ƙwaƙƙwara a bar ta. Ana iya kwance ta a wanke, ana iya ƙara farantai idan aiki ya bunƙasa. Rauninta robobin da ke tsakanin farantan, waɗanda ba sa jure matsanancin zafi da matsi kamar ganga, da kuma tsagin da ke toshewa idan ruwan na da tsaki ko dusa. Ruwan rijiyar burtsatse mai yawan ƙasa-ƙasa shi ma yakan bar ɓawo a jikin farantan, ɓawon kuma yana cin lambar ƙarfin na'urar a hankali ba tare da an ankara ba. A sashen da ɗanyar madara ke musaya da dafaffiya akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita: matsin dafaffiyar ya riƙa fin na ɗanyar, ta yadda idan faranti ya huje, mai tsabta ce za ta zuba cikin ɗanya, ba ɗanya cikin mai tsabta ba.

Kuma sayen na'urar saɓani bai tabbatar da cewa saɓani take yi ba. Na'urar farantai tana da baki huɗu, kuma mai haɗa bututu da ya bi abin da ya fi masa sauƙi yana iya musanya mashiga da mafita a gefe ɗaya, ya mayar da ita gudun tare ba tare da ko ɗigo ya zuba ba. Komai zai yi kamar yana aiki, sai dai man da ake ƙonawa ya ƙi raguwa. Ganewa ba wuya. Bar injin ya daidaita, ka auna zafin bakin huɗun. Mashigar ruwan zafi ya kamata ta kasance a ƙarshe ɗaya da mafitar ruwan da ya shigo da sanyi. Idan ka tarar da bututu mafi zafi da mafi sanyi a ƙarshe ɗaya, sauran biyun kuma a ɗaya ƙarshen suna ɗumi kusan iri ɗaya, kamar 43 da 41 a madararmu, to a kashe famfo a juya bututu biyu na gefe ɗaya, ba gefe biyun ba, don idan aka juya duka an koma gidan jiya.